Ɗakin Sanyi da Katangar Malam

Ta yaya mutum zai nuna wa jama'a abin da bai faru ba? Tun ranar da aka fitar da gawar Malam daga gidan nan nake juya wannan tambaya, har yau ban sami amsarta ba. Magini in ya rasu a nuna ginin da ya yi. Tela a nuna riga. Shi kuwa mijina aikinsa shi ne kada komai ya faru, kuma ya yi shekaru yana yi, komai bai faru ba. Rana ɗaya tak abu ya faru, ita ce mutanen Gwarzo suka riƙe.

Ban iya rubutu ba. 'Yata Rukayya ce ke rubutawa, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta dakata. Abin da ya sa na ce a rubuta, kwanan baya na jiyo samari a zaurenmu suna hirar sana'a, wani yana cewa aikin kula da na'urorin kwamfuta ai hutu ne, a zauna cikin sanyin esi ana danne-danne, wata ya ƙare a ba ka albashi. Suka yi dariya. A kan tabarmar Malam suke zaune.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko yana raye ban taɓa kira ba. Gari ya fara saninsa da Malam mai rediyo, domin a rumfar kasuwa yake gyaran rediyo da rikoda tun ina amarya. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne ya buɗe wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta, ɗaya a nan Gwarzo, ɗaya a Kabo. Ya ce ba zai ba baƙo makullin wurin ba, mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci yake so. Sai ya tura Malam Kano koyon aikin, lokacin furfura ta riga ta fito masa a gemu.

Aikin farko da aka ba shi a can shi ne ɗaura kan waya. Ya zo mini da guntu ya nuna mini. Idan aka feɗe bayan wayar, akwai 'yan sirara a ciki masu launi daban-daban, sai a jera su yadda aka tsara, a zura cikin wani ɗan kai kamar gilashi, a matse da filaya ta musamman. Guda ɗaya ta kauce, an yi aikin banza. Maigidansa a can yaro ne sa'an ɗanmu na fari, amma Oga yake ce masa. Ogan ya duba, ya sa almakashi ya datse, ya ce a sake. Watanni ya yi a kan wannan kaɗai. A can ya fara sa tabarau. Yana dawowa gida ranar Juma'a yatsunsa duk sun yi kanta, ya zauna da wani ƙaton littafin Turanci yana bi da yatsa, shi da iyakarsa firamare. Yaran ajinsu suna ce masa Baba Analog, wato ɗan tsohon yayi. Ya ce mini ba komai, su suna da sauri, shi kuma yana da tsoro, kuma aikin mai tsoro yake so.

Ɗakin da ya riƙe bayan ya dawo ƙarami ne, bai kai ɗakin girkinmu ba. A ciki akwai kabad na ƙarfe ya fi mutum tsawo, an jera akwatuna a ciki, suna ƙugi kamar amya, fitilu ƙanana suna ƙyaftawa. Babbar cikinsu ita suke kira saba. Ya ce ita ce uwa, duk kwamfutocin da ke babban zaure daga jikinta suke tsotso, har na Kabo. Kuma zafi ne ajalinta. Shi ya sa aka sa mata esi a bango, ba don shi ba.

Ni na san ɗakin ne saboda ni ke share shi. Mai sharar da aka fara kawowa ta yayyafa ruwa ta sa tsintsiya, Malam ya kusa suma. Ya roƙi Alhaji a bar masa matarsa. Ba a shiga da takalmi. Ba a yayyafi. Tsumma ake jiƙawa a matse shi sosai, a goge ƙasa a durƙushe, kuma kada gwiwar hannu ta taɓa waya. Shi kuma lokaci-lokaci ya kashe akwati ɗaya, ya kwance shi da sukundireba, ya fitar waje ya hure shi da abin hura iska, ya mayar. Ya toshe duk wani rami da siminti saboda ɓera. Tsaka ta taɓa shiga akwatin wuta ta ƙone a ciki, ya yini yana neman inda warin yake. Daga ranar ko goronsa ba ya shiga da shi, wai kiyashi zai biyo. In na kai masa abinci, a gindin darbejiya yake ci cikin rana.

Sanyin da ake masa hassada a kai kuwa shi ya fara cinye masa ƙirji. Ya fito daga sanyi ya faɗa zafi, ya je ya tayar da janareta ya shaƙi hayaƙi, ya koma sanyi. A tsakiyar bazara yake sa rigar sanyi, mutane na dariya. Tarin da ya kwashe a nan bai sake shi ba.

Akwai wani akwati a saman kabad ɗin, bai fi farantin tangaran girma ba. A Turance suna ce masa fayawol, shi kuma katanga yake ce masa. Ya ce mini in ɗauka gida ne mai ƙofofi da yawa, ta nan ake shiga intanet, ta nan intanet ke shigowa. Aikin katangar shi ne ta tsayar da duk mai shiga da mai fita, ta tambaye shi daga ina, wurin wa. Wanda Malam bai yarje masa ba, a waje zai tsaya. Kowace safiya kafin ya karya sai ya duba su wa suka ƙwanƙwasa. Ya ce daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba ake taɓawa. Na ce me suke nema a Gwarzo? Ya ce ba su ma san Gwarzo ba ce, tura ƙofofi kawai suke yi, wadda ta buɗe su shige.

Amma ba na nesa ne suka wahalar da shi ba, na gida ne. Ma'aikatan wurin suna son kallon ƙwallo da finafinai, ya rufe. Masu shagunan kusa suna son a ɗan sam musu intanet, ya hana. Daga nan sunan ya fito, Malam Katanga.

Wata damina tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen da ke kan rufin wurinsu na Kabo, wanda ke haɗa su da Gwarzo, ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Ya ɗaura jakarsa a bayan babur ya bi taɓo ya tafi. Babu wanda ya yarda ya hau ƙarfen, sai shi, mutum mai jikoki a gida, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau, ya cire abin da ya ƙone, ya ɗaura sabo, yana juya shi kaɗan-kaɗan har ya fuskanci Gwarzo. Da ya dawo na gasa masa ƙafafu da ruwan zafi. Aka yi jarrabawa lafiya. Ba wanda ya san an hau ƙarfe. Haka aikin yake. In komai na tafiya a ce ba ka yin komai, in ya tsaya a ce ina kake.

Wani mutumin Getso ya taɓa zuwa har gida da buhun wake a bayan babur. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi damina da iyali, sannan ya kawo maganar. Ɗansa zai rubuta jarrabawa, kuma akwai wani a Kano da zai iya shigowa kwamfutar yaron daga can ya amsa masa, in dai an buɗe masa hanya na ɗan lokaci. Ina daga soro ina ji.

"Malam, ƙofa ɗaya fa. Kai da kake da su da yawa."

"Bawan Allah, in na buɗe wa naka, na rufe wa ɗan wanda ba shi da wake."

Da hannunsa ya taya shi mayar da buhun kan babur. Mutumin bai yi sallama ba. Irinsa sun zo da yawa, wasu da zabi, wasu da zumunci, wasu sai su turo dattijon da ake jin kunyarsa. A garinmu hana mutum abu ido da ido ba ƙaramin abu ba ne. Mun saba a ce to, in Allah ya so, sai maganar ta bi ruwa. Shi aikinsa ba ya karɓar in Allah ya so, ƙofa ko a buɗe take ko a rufe. Ni ma na sha nawa. A wani gidan suna wata maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta ce, matar Katanga, ana iya gaisawa ko ke ma a rufe kike? Mata suka fashe da dariya, na yi tare da su, na dawo gida ban ci tuwon ba.

Da azumi kuma wata fitinar ce. Ɗakin nan ya fi ko'ina sanyi, sai manya su zo bayan azahar da darduma, wai su ɗan miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta ba da haƙuri, ya ce numfashin mutane da buɗe ƙofa suna kore sanyin. A ce da shi marowaci, iskar ma sai ya yi rowarta. In ƙara ta kai wa Alhaji, sai ya ce ku ƙyale mini shi, don haka na ɗauke shi. Shi kansa Alhajin, mai wurin, daga bakin ƙofa yake gaishe shi.

Shekarar da ta karya mu ita ce wadda Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Babban ɗansa ya karɓi wurin, ya ce a riƙa kiransa Darakta. Shi ne yaron da Malam ya sha ɗauka a kan babur yana kai shi makaranta. Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, man janareta ya yi tsada, esin ofishin Darakta kuma ta lalace. Maimakon ya gyara, sai ya turo masu aiki su ciro ta ɗakin saba su kai masa. Ina durƙushe ina goge ƙasa suka shigo da takalmansu. Malam ya je ya same shi, ni kuma ƙofa a buɗe take, na ji komai.

"Baba Katanga, ƙarfe ne fa. Ƙarfe ba ya azumi."

"Ranka ya daɗe, ba ya azumi, amma yana mutuwa. A bari a gama jarrabawa."

"Za a ba ka fanka."

Aka cire. Aka toshe ramin bangon da kwali. Fankar da aka kawo ƙarama ce, sai ya ɗauko tamu ta gida ya ƙara. Ya kashe duk akwatin da za a iya kashewa, ya cire ƙyauren kabad ɗin, ya rataya buhunan algarara a bayan taga ina jiƙa su da ruwa ina sakewa. Ya koma wurin Darakta ya fi a ƙirga, har yaron ya ce kada a sake barinsa ya shigo ofis. Da wannan dabara na'urar ta lallaɓa. Amma ranar jarrabawa ba a kashe komai, dole kowa ya tsotsa lokaci ɗaya.

Ranar wuri ya cika. Yara daga Gude, daga Mainika, daga Getso, iyayensu na zaune a gindin bishiyoyi da bakin azumi. Rukunin safe suka gama lafiya. Da rana ta take, sai ƙugin nan ya koma ihu kamar injin markaɗe. Fitilun suka koma ja. Malam yana tsaye ba riga sai singileti, yana fifita da murfin kwali. Na ji wari kamar an ƙona roba. Sai shiru. Duk shekarun da na yi ina shiga ɗakin ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar. Daga babban zaure aka fara hayaniya, can kuma waya ta shigo daga Kabo, su ma komai ya ɗauke.

An ce a kai yaran wani gari su sake rubutawa. Masu hali sun kai nasu. Da yawa ba su je ba, shekara ta wuce su.

Kafin masu bincike su zo daga Kano, Darakta ya sa an mayar da esin raminta, an shafe gefen da fenti. Da suka zo ya ce musu tsohon nan ne ya matse katangarsa har ta hana tambayoyin shigowa, daga nan komai ya rikice. Haka ya faɗa wa iyaye ma. Kuma kowa ya yarda. Me zai hana? Wa Malam bai taɓa rufe wa ƙofa ba? Mutumin Getso ya tsaya a kasuwa yana cewa shi ya daɗe da sanin halinsa. Duk wanda aka taɓa hanawa ya sami ranar ramuwa. Gaskiyar da ya yi shekaru yana riƙewa ita ta zama shaidar da aka kama shi da ita.

Masu binciken sun kira shi. Ya ce musu na'ura zafi ta yi. Suka ɗaga kai suka dubi esi tana hurawa a kansu, suka ce ta yaya? Malam ya dubi Darakta, sannan ya sunkuyar da kansa. Ya tashi ya fito.

Da ya dawo gida na tare shi tun bai cire hula ba. Na ce ni na ga an cire, ni na jiƙa buhuna, zan je in faɗa. Ya ce uban yaron nan ya ɗauke shi daga rumfa ya sa masa sana'a a hannu, kuma yana kwance a asibiti ya kama hannunsa ya ce ga yaro nan, ka rufa masa asiri. Ya ce ba zai tuɓe ɗan Alhaji a gaban baƙi ba. Na ce to naka asirin fa, da na 'ya'yanka? Ya ce in na taka waje da maganar nan, ba da yawunsa ba. Ban je ba. Wannan rashin zuwan yana nan yana cina, kuma ba zan ɓoye ba, har shi ina jin haushi, Allah ya gafarta masa. Ya iya hana duk duniya, ya kasa buɗe baki sau ɗaya saboda kansa.

Aka karɓi makulli. Aka rufe wurin na wani lokaci, aka sake buɗewa da sabon suna da sabon fenti, aka ɗauko wani matashi. An ce mai sauƙin kai ne, kowa na yabonsa, har masu shago suna samun intanet. Ko ɓarayin nesa sun shiga, ko ba su shiga ba, ba wanda zai gaya mini. Fankarmu ma ba a dawo da ita ba.

Ya koma gyaran rediyo, ya tarar duniya ta koma waya. Sai ya zauna a zaure yana gyara tocila da 'yan fitilun caji. Yara in sun wuce su buga ƙyauren su ce Katanga buɗe mana, su ruga. Wata rana wata dattijuwa ta zo daga Mainika, ɗanta yana cikin waɗanda shekara ta wuce, ya yi zuciya ya tafi kudu acaɓa. Ta tsaya a ƙofar zaure ta yi masa Allah ya isa a gaban mutane. Ya ajiye tocilar da ke hannunsa ya ce, ki yi haƙuri Inna. Shi ke nan. Ita ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta ɗauka. Darakta kuwa ranar sallah ya aiko da shadda. Malam ya karɓa ya yi godiya. Tana nan a ƙasan akwati, ban bari an ɗinka ba, ban kuma bari an yi masa likkafani da ita ba.

To ku samarin da ke son aikin nan, ba na hana ku. Ku koyi ɗaura kan waya har yatsunku su yi kanta. Ku koyi jin muryar na'ura, domin kafin ta mutu tana faɗa. Amma ku sani rabin aikin hana mutane ne, kuma mutanen naku ne, waɗanda za su ɗauki gawarku. Kuma in aka cire muku esi, ku faɗa da ƙarfi a ranar, a gaban kowa, kafin a shafa fenti. Ni yanzu na faɗa. Malam ya ce ba da yawunsa ba, to ya tafi, na gama takaba, kuma jikokinsa suna girma da sunan da ba nasa ba. Sunan ɗan Alhaji ne kawai ban kira ba. Wannan na bar wa Malam.

Tarin ne ya kwantar da shi, a wata bazarar. Kalmar shahada da ƙaninsa ya yi ta, daga tsakar gida na jiyo, Allah ya karɓa. Amma kafin nan, da rana tsaka, ni kaɗai ce a wurinsa. Ɗakin ya yi zafi kamar tanda, na buɗe ƙofa da taga ko iska za ta shigo, ina masa fifita da mafici, gumi na zuba daga wuyansa. Ya jima idonsa a rufe. Sai ya buɗe ya dubi ƙofar, ya yamutsa fuska irin yadda yake yi in wani ya shigo masa da takalmi, ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Hajara, rufe ƙofar nan. Sanyin yana fita."